Sunan Yankan Barmo Kafinta

Ranar Talata da hantsi matar ƙanena Sabi'u ta sauka, aka samu ɗa namiji. Kafin la'asar gidanmu ya koma kamar gidan makoki, kuma ba kowa ya jawo ba sai Alhaji Abdulmajid da bakinsa.

Mahaifinmu, Malam Hamidu, shekararsa saba'in, jikokinsa shida duk mata. Tun muna yara muke jin yana cewa ranar da Allah ya ba shi jika namiji, sunan ubansa zai mayar. Uban nasa shi ne Barmo Kafinta, tsohon sojan Faransa. Har yau in ka shiga tsofaffin gidajen Tanut za ka tarar da ƙyauren da ya yi yana nan daram, gara ta gwada ta haƙura. Ya rasu Baba yana ɗan shekara takwas, shi kaɗai ya bari.

Da aka yi wa Baba albishir sai ya sa babbar riga, ya cika aljihu da dabino, ya nufi majalisarsu ta gindin bishiyar bedi a bakin kasuwa, Sabi'u na biye da shi. Alhaji Abdulmajid na can. Tsohon ɗan kasuwa ne, asalinsu Damagaram, mutumin da ke iya jera maka kakanninsa bakwai bai tsaya numfashi ba, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Shekara arba'in suna zama kan tabarma ɗaya da Baba.

Baba ya raba dabino, ya ce sunan ubansa zai sa wa yaron.

"To madalla," in ji Alhaji. "Wane suna ke nan?"

"Barmo mana."

"Haba Malam Hamidu. Barmo ai ba suna ba ne, roƙo ne. Uwa ce ta gaji da binne 'ya'ya, ta ce a bar mata wannan. Liman ba ya yanka rago da shi. Sunan yankansa nake tambaya."

Alhaji ya dubi fuskar Baba, ya ci gaba.

"Au, ba ka sani ba? To ai ba laihinka ba ne. Mutumin da motar soja ta sauke a tasha, daga shi sai akwatin aiki, wa zai ce ga tushensa?"

Aka yi dariya. Sabi'u ya ce mini ba dariyar mugunta ba ce, irin ta majalisa ce. Ni ban ga bambanci ba, tunda Baba ya dawo gida ya cire rigar, ya kwanta ya juya fuska bango. Aka kai masa tuwo ya dawo yadda aka kai shi. Da Sabi'u ya durƙusa ya tambaye shi maganar suna, cewa ya yi, "Ku sa masa duk wanda ya yi muku. Ni ba ni da na bayarwa."

Ni ce Radiya, babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwa yake kira na. Shekara ashirin da biyu ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma duk Tanut an san ba a taɓa ubana in kwana da abin. Na ɗauki mayafi zan je shagon Alhaji in wanke shi tas, Sabi'u ya tare ƙofa ya ce in na zage shi ma, gobe za a wayi gari ba mu san sunan ba. Na ji haushin gaskiyarsa. Na ajiye mayafin na ce to, Talata mai zuwa ne suna, kuma da sunan kakana za a yanka ragon nan.

Akwatin kakan yana ƙarƙashin gadon Baba. Kakan ne ya yi shi da hannunsa, babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya, duk da turakun itace ya ɗinke shi. A ciki akwai zarto, da rabo na goge katako, da gizago irin na masassaƙa wanda ƙotarsa ta yi sulɓi don riƙo, da lambar girma guda, sai littafin soja, wanda tsofaffi ke kira karne. Na sha karanta littafin nan tun ina 'yar lakwal, don in nuna na iya Faransanci. Barmo Aliou, ɗan Aliou, an haife shi wajen 1921 a Rijiyar Kalgo, ƙasar Gangara, an ɗauke shi soja a 1940. Sama da shekara sittin littafin yana gidanmu, ƙauyen kuma bai fi tafiyar wuni ba, amma ba wanda ya taɓa zuwa. Sai a ranar na gane Baba tsoron abin da zai tarar yake yi.

Na zauna bakin gadonsa na ce ya gaya mini duk abin da ya tuna. Ya amsa mini ba tare da ya juyo ba.

"Bai taɓa kiran sunan garinsu ba, Uwa. Innata ma ba ta sani ba, kin san matan da, ba su tambayar miji. Sau ɗaya dai yana goge katako ina riƙe masa, ya ce su tara ne maza a ɗakin innarsu, shi ne na huɗu, kuma duk suna raye sa'ad da ya baro."

"Sai me kuma?"

"Sai in ya gama ƙyaure, gaban ya goge shi da rabo sumul, bayan kuma ya bi shi da gizago. Na tambaye shi dalili, ya ce in yi shiru in riƙe katako."

Na rubuta duka a littafina. Ranar Laraba na nemi izini wurin darakta, Alhamis da sassafe na shiga motar Gangara. Lokacin kaka ne, ko'ina ka duba amalanken shanu ne da damman hatsi. A Gangara na hau kabu-kabu zuwa Rijiyar Kalgo. Mai babur ɗin dattijo ne mai son hira, da na ambaci Aliyu sai ya ce ai sunan wani tsohon maigarinsu ke nan na zamanin Nasara. Wallahi sai na ji wuyana ya ƙara tsawo. Ashe jinin sarauta ne mu! Duk ramin da babur ya faɗa, ni ina can ina shirya kalmomin da zan jera wa Alhaji Abdulmajid a gaban mutanen majalisa.

A bakin masallacin ƙauyen na tarar da tsofaffi uku. Na gaishe su, na ce gidan Barmo ɗan Aliyu nake nema. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce Barmo ya tafi yaƙin Nasara bai dawo ba, haka suka taso suka ji. Na ce ya dawo, ni jikarsa ce. Suka sake duban juna, sannan babbansu ya nuna mini wani gida mai darnin kara ya ce, "Tahi wajen Balki. Wannan magana tata ce."

Balki tsohuwa ce ƙwarai, ta kusa tamanin, 'yar ƙarama mai kaifin ido. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gujiya. Ta sa aka kawo mini ruwa da fura, ta bar ni na sha, sannan ta tambayi abin da ke tafe da ni.

"Inna, ni jikar Barmo ɗan Aliyu ce, daga Tanut."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. "Jikokin Barmo duk na san su, ɗiyata. Rabinsu ni na goya. Ni ce ɗiyarsa ta hwari."

Na yi wuf na durƙusa ina cewa Gwaggo, har hawaye ya taho mini. Na ɗauka ya yi aure ne kafin a tafi da shi. Ta ɗaga mini hannu.

"Dakata, kada ki yi saurin gwaggo. Kakan naki su nawa ne a ɗakinsu?"

Na buɗe littafina kamar mai karanta sakamakon jarrabawa. "Su tara, maza. Shi ne na huɗu, duk suna raye."

Tsohuwar nan ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari. "An ce mini ke malamar lakwal ce?"

"E, Inna."

"To malama, a ina kika taɓa jin Barmo mai yayye uku a raye? Wanda aka roƙa a bar shi, ai sai bayan kaburbura yake zuwa."

Kunya ta rufe ni. Maganar nan Alhaji Abdulmajid ma ya faɗe ta, ni kaina na rubuta tara da huɗu da hannuna, na yi wuni biyu ina yawo da su ban haɗa ba. Na rufe littafin na zauna a ƙasa sosai.

Ta ture ƙwaryar gefe ta ba ni labari, kamar yadda mahaifinta ya ba ta a ciwonsa na ajali. A shekarar da yaƙin Nasara ya yi zafi, kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya aiko cewa kowane maigari sai ya fara ba da ɗansa kafin a taɓa na talakawa. Maigari Aliyu ɗa ɗaya gare shi, Barmo, wanda ya zo bayan kabari bakwai. A ƙarshen gari kuma akwai gidan masassaƙa, masu turmi da akushi da ƙotar gatari, ga 'ya'ya maza tara. Maigari ya tafi da rawaninsa ya durƙusa a gaban masassaƙi, ya roƙe shi ɗa ɗaya ya amsa sunan Barmo. Masassaƙi ya ce tara ɗin nan ba wanda ya tsinto a hanya, a yi haƙuri.

Ranar ta zo, aka tara samari a bakin rijiya. Tafinta ya ɗaga takarda ya kira Barmo Aliyu. Shiru. Ya sake kira. Uwar Barmo ta yanke jiki ta faɗi a cikin mata. Da ya kira na uku, sai aka ji an ce na'am daga can baya, wajen da 'ya'yan masassaƙa suke tsaye.

"Na huɗunsu ne," in ji Balki. "Ya ratso mutane ya hito, bai dubi ubansa ba. Duk gari an san ba shi ba ne, ba wanda ya yi tari."

"Sunansa?" na tambaya.

"Attahir."

Na maimaita shi a hankali. Sai ta ce in bari ta ƙarasa. Kafin a tafi da samarin, liman ya shigar da su biyun zaure ya sa suka dafa Alƙur'ani: muddin Nasara na mulki, ba wanda zai koma sunansa, kuma wanda ya tafi ba zai sake taka garin ba. Da kumandan ya gano, da maigari da masassaƙi duk sai gidan kaso. Daga ranar ɗan maigari ya zama Attahir ɗan masassaƙi, a takarda da a bakin mutane. Da maigari ya rasu aka zo masa da maganar rawani, ya ce shi Attahir ne, Attahir kuwa ba ya gadon sarauta. Ya yi nomansa har ya mutu. 'Ya'yansa ma ba su san wani suna ba sai a kwanakinsa na ƙarshe.

A nan ne zuciyata ta tashi. Na manta tsohuwa ce, na manta furarta na sha.

"Wato ku kuka zauna cikin danginku lafiya lau, mu aka bar mu ana yi mana gorin asali a bakin kasuwa? Ubana shekararsa saba'in bai san sunan ubansa ba, Inna! Yana can kwance ya ƙi cin abinci!"

Ba ta kare kanta ba. Ta ce, "Gaya mini duka, kina da gaskiya. Ba mu san ya bar baya ba, amma rashin sani bai hi ƙarhin tambaya ba, ba mu tambaya ba." Ta dafa rumbu ta miƙe. "Taso in kai ki gidanku."

Gidan masassaƙa yana nan a ƙarshen gari. Tun daga nesa na ji sarar gizago. Wani dattijo baƙi dogo yana zaune ya sa gungumen itace tsakanin ƙafafunsa yana fafe turmi. Da ya ɗago kai sai na ga goshin Baba da kunnuwan Baba. Balki ta ce sunansa Sidi, ɗan autan su Attahir ne ya haife shi. Ta gaya masa ko ni wace ce. Ya ajiye gizago ya yi ta kallona yana salati.

Na ciro littafi na fara rubuta sunayen da yake jera mini, ubanni da kakanni. Sai ya nuna hannuna ya yi dariya.

"Bahaguwa! Ai ba sai an rantse ba. Shi ma bahago ne, shi kaɗai a cikin taran."

Hannun nan nawa ya sha bulala a lakwal ina yarinya, ranar ce ta farko da wani ya yi murna da shi. Na ce wa Sidi kakana jarumi ne, ya ji tausayin uwar Barmo ya ba da kansa. Sidi ya sosa gemu ya saci kallon Balki.

"To, haka gidan maigari ke ba da shi. Mu a nan gidan, ubana ya ce da sahiyar ranar Attahir ya tsaga wani turmi da aka kwana uku ana aiki, tsoho ya zage shi a gaban ƙannensa, ya ce hannun hagu ba ya abin kirki. Da hushi ya tahi bakin rijiya. Tausayin yana ciki, ban hana ba. Amma mu gidan nan zuciya gare mu."

"Na ga alama," in ji Balki, tana dubana.



Sidi ya kai ni wani tsohon ɗaki a cikin gida, inda yanzu suke ajiye wake. Ɗakin ya sha yaɓe ya gaji, amma ƙyaurensa na katako ne mai kyau, ɗinkin turakun itace, babu ƙusa. Ya ce bayan an gama yaƙi da shekara biyu ko uku, gida an riga an yi wa Attahir sadakar mutuwa, sai ga wani Buzu da raƙumi ya sauke ƙyauren nan. Buzun ya ce wani kafinta a Tanut ya ce a kai wa matar masassaƙi, ba wani saƙo. Tsohuwar ta shafa gaban, ta ce wannan aikin Nasara ne. Ta zagaya ta shafa bayan, ta ji sarar gizago ta karkata ta hagu. Sai ta zauna a ƙasa ta ce a ɗora tukunya, ɗanta yana da rai.

Na sa hannuna a bayan ƙyauren. Sarar tana nan, layi bayan layi. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba.

Na tambayi Sidi, tunda sun san inda yake, me ya hana su zuwa? Ya ce ubansa ya je sau ɗaya. Ya sami shagon, ya tsaya a ƙofa. Wani gardi, wato dogarin kumandan, na zaune a ciki yana jiran a gyara masa kujera. Attahir ya ɗago ya dubi ƙanensa ya ce, baƙo, me za a yi maka? Ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi bakin hanya, ya ce masa a hankali kada wani ya sake zuwa sai Nasara sun tafi. Da Nasara suka tafi, Attahir ya aiko cewa yana nan zuwa bayan kaka. Aka share ɗaki, aka ware rago. Sai labarin rasuwarsa ya zo a madadinsa. Da suka je Tanut gaisuwa an rufe shagon, maƙwabta suka ce matar ta koma wurin danginta a Belbeji. Ba wanda ya ambata musu yaro, su ma ba su tambaya ba.

Na kwana uku a garin. Ranar Lahadi na ce zan koma, Sidi ya ce ƙafata ƙafarsa. Balki ma ta ɗaure ƙullinta. 'Ya'yanta suka ce hanya ba ta da kyau, ta ce ai ba su ta tambaya ba.

A mota ne tsoro ya kama ni, karo na farko tun da na fito. Na tafi neman suna na samo, amma tare da shi zan gaya wa dattijo mai shekara saba'in cewa Barmon da ke kan katinsa, da kan takardun 'ya'yansa duka, na wani ne. Ban san ko zai tashi ko zai ƙara kwanciya ba.

Mun isa bayan azahar. Baba ya rame a kwana biyar ɗin nan. Na sa baƙin suka zauna a tsakar gida, na shiga ni kaɗai na gaya masa komai, tun daga bakin rijiya har ƙyaure, ban rage ko zancen turmi ba. Ya tashi zaune. Ya ce in sake faɗin sunan, na sake. Leɓensa ya motsa amma bai fitar da shi ba. Na ɗauka murna za ta biyo baya, sai na ga fuskarsa ta canza.

"Uwa," ya ce, "shekara sittin da biyu, ba sallar da na idar ban ce Allah ya jiƙan Barmo ba. Duk sadakar Juma'a da sunan Barmo nake yi. Ashe ubana yana kwance ban taɓa kiran sunansa ba? Wa na yi wa addu'ar?"

Na buɗe baki in ce Allah ya san niyya, irin amsar da ake bayarwa. Kafin in yi magana sai muryar Balki ta shigo daga bakin ƙofa. Ashe ba ta zauna inda na ajiye ta ba.

"Ubana ka yi wa, Malam. Na gode, Allah ya biya ka." Ta dafa bango ta shigo ta zauna a ƙasa. "Ni kuma tun da na yi wayo, Attahir na sani. Yana da rai ina cewa Allah ya ƙara wa Attahir lahiya, mu 'ya'yansa goma sha ɗaya muna hwaɗa, da 'ya'yanmu. Da ya gaya mini gaskiya zai mutu, na ce to yanzu da wane suna zan roƙa maka? Ya ce ci gaba da wanda kika saba, mai shi ya hi ni buƙata, ban sani ba ko yana da mai yi masa. Shekara talatin ke nan ban canza ba. Ubanka bai kwana ba addu'a ba ko sau ɗaya."

Baba ya rufe fuska da hannu biyu. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Sidi ya shigo ya tsuguna kusa da shi ya riƙe masa gwiwa. Da Baba ya sauke hannu ya ga fuskar da ke gabansa, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Uwa, baƙi sun sha hanya, ba a kawo abinci ba? A haɗo da nawa."

Ranar Talata tun da asuba ƙofar gida ta cika. Mu mata muna ciki, amma ni na tsaya a bayan zaure inda nake jin komai, ban kuma ji kunyar hakan ba. Alhaji Abdulmajid ya zo da wuri, ya kawo buhun shinkafa, alamar ya san ya yi ɓarna. Aka raba goro da dabino. Liman ya matso ya tambayi Baba sunan a hankali, yadda aka saba. Baba bai raɗa ba. Ya faɗe shi da ƙarfi har na bakin titi suka ji.

"Attahir."

Aka yi fatiha, aka shafa. Sai na ji Alhaji, da muryar da ya rage mata kaifi, yana cewa, "Malam Hamidu, Attahir na wa?"

"Ubana. Attahir ɗan Hamidu masassaƙi, na Rijiyar Kalgo. Ashe ni ma sunan ubansa ya mayar mini, bai gaya wa kowa ba. Ga ɗan'uwana Sidi nan, in kana son sauran."

Ai kuwa Sidi bai jira a so ba. Ya gyara zama ya fara jero masassaƙa, wane ɗan wane, wanda ya sassaƙa kaza a gari kaza, har ya kai tara. Wani daga baya ya ce, "Alhaji, an wuce ka da biyu." Aka yi dariya, har da shi Alhajin. Wannan karon na yarda ta majalisa ce.

Da aka yanka rago mutane suka fara watsewa, Baba ya yi sallama ya shigo cikin gida, abin da ba ya yi in mata sun cika. Aka dare masa hanya. Wanzami ya gama aski ke nan, jaririn yana hannun Balki, kansa fes, yana ta mutsu-mutsu. Baba ya zauna a bakin tabarma ya miƙa hannu biyu, ta ɗora masa shi. Ya daɗe yana dubansa.

"Baba," ya ce wa yaron, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sannu da zuwa. An ce bayan kaka za ka iso gida, ga shi ka iso."

Yaron ya buɗe baki ya tsala kuka mai ƙarfi, har da dunƙule hannu. Sidi ya leƙo daga zaure ya ce a ba shi nono da sauri, 'yan gidan nan ba a sa su jira.